Ɗan baduku ya samu bak, yana son karatun dizayin: amsa ga ƙanena

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban amsa ba sai yau don ina so in zauna in rubuta maka a natse, ba amsar layi biyu ba. Ka ce ka samu bak bana, babanku baduku ne a nan Maraɗi, tun kana firamare kake taya shi yanka da ɗinki, yanzu kana son ka yi karatun dizayin da sana'ar hannu har matakin lisans, amma kawunka ya ce wa ya taɓa zuwa jami'a don ya koyi abinda ake koyo a zaure kyauta, gara ka nemi likitanci ko jeni sibil. Kana tambaya shin akwai amfani, ina ake yin karatun, kuma me mutum zai ci da shi in ya gama.

Ni ma gidan dukanci na fito, na yi wanga karatu a Zariya ɓangaren tufafi da rini, na dawo gida, yau shekara goma da ɗoriya ina da atiliye na jakunkuna da takalma da yara masu koyo a hannuna. Don haka abinda zan gaya maka ba labarin ji ba ne.

Da farko kada ka ji haushin kawunka, maganarshi akwai gaskiya a ciki. Jami'a ba ta koyar da hannu. Wallahi ba ta koyarwa. Yadda babanku yake riƙe wuƙa ya fere bakin fata ta yi siriri ba tare da ta huje ba, yadda yake shigar da basilla ɗinki ya fito a jere kamar an auna da ma'auni, wannan shekaru ne sunka ba shi, kuma babu malamin da zai ba ka shi cikin shekara uku ko huɗu. Na yi karatu da mutane masu kai sosai, zanensu a takarda kamar ka sace, amma in an ba su fata da almakashi sai ka tausaya wa fatar. To in dai hannu kake nema, zauna wajen baba, ya fi duk wata makaranta da na sani.

Abinda karatun yake bayarwa wani abu ne daban, kuma bari in nuna maka shi da abinda ya faru a gidanmu tun kafin in tafi. Wata hajiya mai shago a Yamai ta ba mahaifina komand na takalman mata ƙafa sittin, ta ba da rabin kuɗɗi, munka zauna mu biyar kusan wata guda muna aiki har dare. Kowane takalmi in ka ɗauke shi shi kaɗai ka duba, ba ka da abin cewa, ɗinki tsaf, ado tsaf, jan fatar nan yana ɗaukar ido. Bayan sati biyu sai ga kusan rabin kayan sun dawo cikin buhu. Ta ce lamba 38 ɗinmu kala uku ce, wata ta matse wata ta yi sako-sako, don kowa a cikinmu da irin kwalin da yake yanka a kai, wani ma da ido yake yi. Kuma ta ce jan yana zuba, mace ta saka ta yi zufa sai ƙafarta ta rine, in ta yi alwala abin ya fi muni. Ranar na ga mahaifina ya yi shiru yana juya takalmi ɗaya a hannunshi ya rasa inda laifin yake, don a iliminshi babu laifi, kuma gaskiya hannunshi bai yi laifi ba. Wannan shirun nashi ne ya kai ni makaranta.

Sai da na je can na san cewa lambar takalmi irin wadda muke amfani da ita, 38, 39, 40, ba haka kawai anka zuba ta ba, tsakanin lamba da lamba kashi biyu cikin uku na santimita ne, wato kusan milimita 6,7, kuma ba tsawo kaɗai ke ƙaruwa ba har faɗi da kewayen ƙafa suna tafiya tare a kan lissafi. In ka yi patiron guda mai kyau, wato kwalin nan da ake ɗorawa a kan fata a yanka, akwai hanyar da za ka fitar da sauran lambobin daga gare shi, ko mutum goma sunka yanka abu guda zai fito. Na kuma koyi gwajin da bai fi minti biyu ba, ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan fatar da anka rina sau da yawa da ƙarfi iri ɗaya, ka yi kuma da busasshe, in ƙyallen ya ɗauki launi to kada fatar nan ta shiga takalmi ko cikin jaka. Da mun san waɗannan biyun da buhun nan bai dawo ba. To dizayin kenan a wajena: ka yanke shawara a kan kaya tun kafin wuƙa ta taɓa fata, wa zai yi amfani da shi, nawa ne awonshi, da me za'a yi shi, zai jure me, nawa zai ci, kuma ya za'a yi a maimaita shi sau ɗari ya fito iri ɗaya. Mutane sun ɗauka dizayin ado ne. Ado yana ciki amma shi ne ƙaramin ɓangare.

Yanzu yadda karatun yake tafiya. Shekarar farko kusan ko'ina zane ne, zane, zane har ka gaji. Za'a aje maka buta ko kujera ko ƙwarya a ce ka zana ta yadda take, ba yadda kake tunanin take ba, kuma nan ne za ka gane ashe duk rayuwarka kallo kake yi ba gani ba. Sai darasin launi, wane ke tafiya da wane kuma me ya sa, sai zanen awo da rula da kwamfas wanda in ka miƙa wa kafinta ko mai walda a wani gari zai ƙera abin ba tare da ya kira ka ba, sai tarihin fasaha. Daga nan ake rabuwa kowa ya kama ɓangarenshi. Kwamfuta tana shigowa, Illustrator, CorelDRAW, wasu wuraren AutoCAD ko SketchUp, amma kada ka ɗauka ita ce karatun, kayan aiki ce kamar basilla. Kuma tun yanzu kana iya sauke Inkscape da Blender, kyauta ne, ka fara saba hannu.

Akwai abu guda da na san zai taso a gida ko da ba ka rubuta shi ba, maganar zanen mai rai. Gaskiyar magana mafi yawan aikin dizayin na kaya ne, siffofi, awo, zanen tufafi, ba ruwanshi da surar mutum. Amma a wasu makarantun, musamman inda anka haɗa su da masu zane-zane a shekarun farko, akwai darasin zana jikin mutum don a koyi daidaiton gaɓoɓi, kuma mai ɗinkin sutura ko takalmi dole ya san awon jiki. Ka nemi jerin darussan tun kafin ka yi rajista, ka kai wa malamin da kake yarda da shi, ku yi maganar a gida a gama ta. Ya fi a ce ka shiga shekara ta biyu zuciyarka ba ta kwanta ba.

Abinda ya fi ba sabbin ɗalibai wuya ba zanen ba ne, ranar duba aiki ce. Za ka kwana uku kana abu, ka kafa shi a bango ko ka ɗora a tebur, malami da 'yan ajinku su zagaye shi, a fara tambayarka me ya sa hannun jakar nan ya yi nan, in an cika ta da littattafai ina nauyin zai faɗa, me ya sa zip ɗin yake buɗewa ta wannan gefen alhali mafi yawan mutane da dama suke aiki. Mu a zaure ba mu saba da haka ba, a zaure babba ya ce yi kaza sai ka yi, ba'a tambayar dalili. Can kuwa in ba ka da dalili aikinka ya faɗi ko da ya yi kyau. Da farko yana da ciwo, amma ni shi ne abu mafi tsada da na ɗauko, don yau kafin kiliyan ya ga aibin kayana na riga shi gani.

Sai ilimin kayan aiki, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne da kyau don nan arzikin garinmu yake. Jar akuyar Maraɗi an san fatarta har ƙasashen waje saboda laushi da ƙarfi da kyawun fuska, ita da ta Sakkwato dangi ɗaya ne, kuma tun zamanin ayari irin waɗannan fatun ake haurawa da su hamada har Turawa sunka riƙa kiransu fatar Maroko don ta can take isa gare su. Majemanmu suna jima da bagaruwa, ana rina ja da karan dafi, rini na shuɗi kuwa da ganyen baba. Duk wannan iyayenmu sun iya shi, abinda karatu yake ƙara maka shi ne ka san me ke faruwa a cikin fatar. Ka san cewa sinadarin da ke cikin bagaruwa shi ke kama zaren fata ya hana ta ruɓewa, in bai ratsa har tsakiya ba sai ka yanka ka ga farin layi a ciki kuma nan ne wari da taurin suke fitowa daga baya. Ka san cewa man da ake shafa wa fata in ya yi yawa ko ya tsufa shi ke sa jaka ta yi ɗoyi in ta kwana cikin leda, kuma kayan da sunka bushe lafiya a zafin Maraɗi suna iya yin fumfuna in sun isa Kwatano ko Abijan saboda laima. Ka san bambancin jimar bagaruwa da jimar masana'anta da ake yi da sinadarin kurom, wadda ta fi sauri nesa ba kusa ba, amma Tarayyar Turai tun 2015 ta hana shigar da kayan fatar da ke taɓa jiki in wani nau'in kurom mai cutarwa ya kai miligiram 3 a kilo. Ka ga ashe jimar kakanninmu da wasu ke rainawa ita ce ba ta da wannan matsalar, kuma akwai masu saye da ita suke nema musamman, in dai an gyara warin da zubar launin. Amma fa ana ta loda fatunmu ɗanye ko rabin jima ana fita da su, wasu su gyara su ɗinka su ci ribar, mu a bar mu da kuɗɗin akuya. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma yara irinka masu hannu da bak tare su ne nake ganin za su iya taɓa shi.

Haka yake a kowane ɓangare ba fata kaɗai ba. Mai ginin tukwane na Mirya ko Bubon yana gasa kayanshi a fili da kara da kashin shanu, zafin bai kai na murhun makaranta ba inda ake haura digiri 1200, shi ya sa randarmu take tsatsar ruwa tana sanyaya shi, kwanon da anka gasa a murhu kuwa ba ya shan ruwa sam. Babu wanda ya fi wani, kowanne da aikinshi, mai karatu shi ne wanda ya san yaushe ake son wanne.

To ina ake yi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan gida ƙarfinta yana ga noma da kimiyya da likitanci da IUT, wato cibiyarta ta koyon fasaha, mai jeni sibil da lantarki da kanikanci, ba don wanga fanni anka gina ta ba, duk da cewa wanda ya yi kanikanci a can yana fita da zanen awo da sanin ƙarfe mai amfani sosai ga mai son ƙera kayan gida. A Yamai akwai cibiyar koyon aikin fata da sana'o'in hannu ta CMCAN, ba lisans ba ce amma koyo ne na gaske a kan tebur, kuma akwai ƙwararrun masu sana'a a gidan tarihi na Bubu Hama da ƙauyen masu sana'a na Wadata waɗanda zama da su wata uku karatu ne babba. In digiri kake so kai tsaye, mafi kusa da mu shi ne Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen dizayin na masana'antu mai ɓangarori irin su tukwane da tangaran, tufafi, da zanen bugawa, karatun shekara huɗu ne da sitaj a ciki, kuma a unguwar Samaru inda jami'ar take akwai NILEST, cibiyar da aikinta kenan kimiyyar fata da jima da takalmi, tana ba da difiloma. Ga ɗan baduku wannan ta biyun abin dubawa ce sosai. A Gana akwai jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi, su ma suna da tufafi da tangaran da ƙarfe har da aikin fata. In kuma Faransanci kake so ka tsaya a kai, akwai makarantun fasaha na Balla Fasseke Kuyate a Bamako da INSAAC a Abijan, sai EAMAU a Lome wadda ta gine-gine da tsara birane ce, Nijar tana cikin ƙasashen da sunka haɗu a kanta kuma da konkur ake shiga.

Kowace da wahalarta. Tsarinmu na LMD lisans shekara uku ce, zango shida, kiredi 180, na Najeriya da Gana huɗu ne, to ka lissafa shekarar nan guda a cikin kuɗɗinka. Zariya Hausa za ta taimake ka a kasuwa da gidan haya amma aji da Ingilishi ake yi, jarrabawa ma haka, Ingilishin da munka yi a lise ba ya isa, ka ba shi wata shida na gaske kafin ka tafi. Sai a fassara maka takardu, a nemi hanyar shiga ta ɗaliban waje, in ka dawo kuma ka nemi a daidaita maka difilom ɗin a ma'aikatar ilimi mai zurfi. Ka kuma sa a ranka cewa hanya tana iya rufewa, iyakar nan ta Ɗan Isa da Jibiya an rufe ta daga 2019 zuwa 2022, an sake rufewa a 2023, kuma a 2022 malaman jami'o'in gwamnatin Najeriya sun yi yajin aiki na wata takwas. Ba don in tsorata ka ba, don ku yi shiri ne kai da baba, ba'a fafe gora ranar tafiya. Ka kai dosiyenka ANAB ma, wato hukumar ba ɗalibai tallafin karatu, ka tambayi maganar burs, tambaya ba ta cin kuɗɗi.

Makarantun kuɗɗi masu zaman kansu kuwa, yanzu kowa ya rubuta dizayin a allonshi. Akwai na kirki akwai na cin kuɗɗin iyaye. Wani yaro ya zo mini neman aiki da takardar lisans daga irin waɗannan, shekara uku iyayenshi suna biya, na miƙa mishi kwali da reza na ce fitar mini da patiron ƙaramar jakar kuɗɗi, ya tsaya yana kallona, ya ce su a kwamfuta sunka yi komi, kuma kwamfutar ma su huɗu ke raba guda. Ba laifinshi ba ne, yaro ne mai hankali, yanzu haka yana wajena kuma ya iya, amma shekara ukun nan ba mai mayar mishi da su. Don haka duk makarantar da za ka shiga ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Kada ka tsaya a buro, ka ce a kai ka atiliye. Ka duba kekunan ɗinki akwai zare a kansu ko ƙura ce, murhu ya yi baƙin wuta ko sabo ne fil tun ranar da anka kawo shi, ƙasan ɗakin akwai guntayen ƙyalle da kwali ko an share tas kamar asibiti. Atiliyen da ake aiki a ciki ba ya rasa datti. Ka nemi ganin aikin 'yan shekarar ƙarshe, ka tambayi ɗalibai ba malamai ba, sannan ka tambaya ko gwamnati ta amince da difilom ɗin ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance difilom, ta san da shi.

Kuɗɗin makaranta ba shi ne ke karya ɗalibin wanga fanni ba, kayan aiki ne. Takarda, fenti, kwali, yadi, rini, fata, bugawa, kowane sati da abinda za ka saya, shekarar ƙarshe kuwa aikin kammalawa kai za ka ɗauki nauyinshi. Nan ne kai ka fi 'yan ajinku sa'a, kana da sana'a. Ni da gyaran takalma da ɗinkin jakunkunan 'yan makaranta na riƙe kaina, kusan duk abokan karatuna sun zama kiliyan ɗina.

Sai babbar tambayar kawu, me za'a ci. Ba zan yi maka ƙarya ba, babu buro da yake jiran mai lisans ɗin dizayin da kujera da albashi kamar yadda ake jiran likita. Akwai koyarwa a makarantun sana'a da lise teknik irin Ɗan Kasawa, akwai aiki da ƙungiyoyin da ke horar da mata da matasa, akwai gidajen bugawa, akwai masu sarrafa kayan abinci da ke neman wanda zai tsara musu kwali da leda da tambari, kilishi da ƙuli-ƙuli da garin yaji da zuma duk suna buƙata. Amma mafi yawanmu kanmu muke yi wa aiki, kuma shekara biyun farko akwai wuya. Abinda ke raba wanda ya tsaya da wanda ya rufe shago sau da yawa lissafi ne. Mu ɗauka misali jaka ta ci maka fata da shafi da zip da zare na jika shida, ka yi kwana biyu a kanta, ka sayar jika takwas kana murna ka ci jika biyu. Ba ka ci komi ba, don ba ka sa kuɗɗin kwana biyunka ba, ba ka sa haya da wuta da guntun fatar da ya lalace da kuɗɗin mota zuwa Yamai ba. Iyayenmu da yawa haka sunka yi shekara arba'in suna aiki tuƙuru ba tare da sun taɓa biyan kansu lada ba. A makaranta dole ka rubuta wannan lissafin a ƙarƙashin kowane aiki, har ya zame maka jiki.

Kasuwa kuma akwai ta in kayanka sun tsaya. Akwai bukukuwan baje koli irin su SAFEM a Yamai, SIAO a Wagadugu duk shekara biyu, da FIMA na tufafi da mai tsara sutura Alphadi ya fara a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas, ga WhatsApp da Facebook da sunka sa mai atiliye a unguwar Bagalam yana iya sayar wa mutumin Kano ko Faransa. In ka fito da samfuri naka na kanka akwai hanyar yi mishi rajista a OAPI, hukumar kare haƙƙin masu ƙirƙira mai hedkwata a Yawunde, rajista guda tana kare ka a ƙasashenta 17. Ka yi katin ɗan sana'a a CMANI kuma, wato majalisar masu sana'ar hannu ta Nijar, yana buɗe ƙofar baje koli da horo.

Wani abu da nake roƙonka, in Allah ya sa ka tafi, kada ka dawo kana ganin dattawan zaure kamar ba su san komi ba. Na ga yara sun yi haka kuma ba su je ko'ina ba. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ba ta yi boko ba, a gida ta koyi ginin tukwane, a 1954 ta shiga cibiyar tukwane da wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja wadda yau ake kira Suleja, ta haɗa hannunta na gado da murhu da gilashin tangaran na zamani, kuma a 1977 jami'ar Zariya da kanta ta ba ta digirin girmamawa. Namu na gida kuma, Mariam Issoufou, sai da ta yi karatun kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine, kuma aikin da ya fito da sunanta a Dandaji cikin jihar Tawa, masallaci da laburare, da tubalin ƙasa anka yi shi tare da maginan wurin. Ni kaina duk samfurin da na zana sai na kai wa mahaifina ya juya shi a hannu kafin a yanka na biyu, sau da yawa yatsanshi yana gano abinda rulata ba ta gano ba, ya ce nan wurin fatar ciki ce za ta miƙe, juya patiron ɗin ya bi gadon baya.

Shawarata gare ka kai tsaye ita ce ka tafi, amma ba don kowa zan ce haka ba. Da a ce wanda bai taɓa riƙe almakashi ba ne yake so don ya ga abin yana tashe a intanet, da na ce ya fara shekara guda a atiliyen wani ya gani ko zai iya zaman. Kai ka riga ka biya wannan. Sai dai kafin baba ya fitar da ko dala, ka gwada kanka wata uku. Ka sayi kaye mara layi, kullum ka zana abu guda da ke gabanka, buta, tabarmar kaba, sirdin babur, takalmin baba, ka rubuta awonshi a gefe da kwanan wata. Ka zaɓi kaya guda da kuke yi a gida wanda mutane ke ƙorafi a kanshi, ka tambayi masu saye goma me ke damunsu da shi, ka gyara, ka yi samfuri uku, ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka a kan farin ƙyalle da hasken safe. Wannan tarin shi ne abinda makarantu da yawa suke so su gani kafin su ɗauke ka, kuma shi ne zai gaya maka gaskiyar kanka, don in wata uku sun gundure ka to shekara huɗu ba za su yiwu ba.

Kawu kuma kada ka yi musu da shi a gaban mutane, babba ne kuma tsoron talauci yake ji maka, ba ƙiyayya ba ce. In ka gama samfuri na ukun ka kai mishi gida da kanka, ka aje tsohon da sabon a gabanshi, ka nuna mishi takardar lissafin, nawa wancan yake ci nawa wanga yake ci kuma nawa anka yarda a saye shi. Ɗan kasuwa ne, harshen da yake ji kenan. Ka roƙi baba ya kasance a wurin. In ka cika kayen farko ka turo mini hoton shafi goma daga ciki, har da waɗanda kake ganin sun lalace, su na fi son gani, daga nan sai mu zauna mu duba tsakanin Zariya da Bamako wacce ta fi dacewa da hannunka da aljihun gidanku. Ka gaida baba da aiki.